Ɗiban Wuta a Murhun Maƙwabci

Gabatarwa

A hutun ƙarshen shekarar 2012, ina ɗan shekara goma sha uku, na zama yaron motar kawuna, wanda ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Katsina. Aikina bai wuce goge gilashi da ɗaure kaya da miƙa canji ba, sai wani aiki guda da ya fi ɗaukaka ni a idonsa: ni ne mai haɗa masa faifan waƙa. Yayana yana da wata tsohuwar kwamfuta a gida. Nakan tara waƙoƙi daga wayoyin abokai da wurin masu turi na bakin kasuwa, in jera su yadda za su dace da tafiya, in ɗora su a kan farin faifai, sannan in rubuta masa suna a jikin takardar da ake saka shi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai mai abin ba.

Wata ranar Talata, mun wuce Bichi kaɗan, faifan ya kai kan wata tsohuwar waƙar kalangu. Wani dattijo da ke zaune a gaba ya ce, "Direba, ɗan ƙara mana murya." Kawu ya ƙara. Daga inda nake na lura da yatsun dattijon suna bugawa a kan gwiwarsa, kuma duk inda kiɗan zai juya, sai in ga yatsun sun riga shi juyawa. Kawu ya ce, "Baba, da alama ka san waƙar nan." Ya ce, "Ɗan nan, hannun da kake ji yana zuba kiɗan nan, ga shi a kan gwiwata." Ya ba mu labarin shekarun da ya yi yana bin uban kiɗansu gari gari, har mutuwa ta raba. Yanzu tabarmi yake sarowa yana kaiwa kasuwannin ƙauye. Ya nemi ganin takardar faifan, na miƙa masa, ya ce in karanta masa abin da ke jiki. Na karanta: "Tsofaffi na 3." Ya yi murmushi ya ce, "To, ai kuwa mun tsufa."

Da muka isa Kankiya zai sauka, Kawu ya ƙirga kuɗin motarsa ya mayar masa. Dattijon ya dubi kuɗin bai karɓa ba. Ya ce, "In sadaka ce, riƙe abinka, ban kai nan ba tukuna. In kuwa haƙƙi ne, kawo." Kawu ya yi jim, sannan ya ce, "Haƙƙi ne, Baba." Ya karɓa, ya ɗauki tabarminsa, ya tafi.

Tambayar wannan muƙala ita ce: gaskiya Kawu ya faɗa, ko kara ce kawai ya yi wa tsoho? Shin wanda ya juya waƙar wani ya sa a motarsa, ba tare da ya rage wa mai ita komai a aljihu ba, akwai wani haƙƙi a wuyansa?

Abin da ke cikin faifan

Kafin a yi hukunci a kan aiki, ya kamata a san yadda aikin yake. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD kasuwa a 1982. Wanda aka buga a masana'anta yana ɗauke da ƙananan ramuka da aka danna a jikin roba, aka shafe su da ƙarfe mai ƙyalli, hasken na'ura yana bi yana karantawa. Farin faifan da muke saye mu cika a gida kuwa wani siririn rini ne a cikinsa, wanda hasken kwamfuta ke ɗanɗana wa zafi, ya bar tabo a inda ya taɓa. Shi ya sa Turawa suke kiran wannan aiki da sunan ƙonawa. Tabon rini ba ya mayar da haske kamar ramin masana'anta, don haka tsofaffin rediyoyin mota sukan yi ta tuntuɓe a kansa, zafin rana a gaban mota kuma yakan lalata shi da wuri. Na sha ganin Kawu ya zaro faifai ya hura masa iska, ya goga a gefen rigarsa, ya mayar yana addu'a.

Faifai ɗaya yakan ɗauki waƙa ta minti 80, idan kuwa aka matse waƙoƙin a tsarin MP3, sai ya haɗiye fiye da ɗari. Amma abin da ya fi muhimmanci ga bahasinmu shi ne wannan: a zamanin kaset, wanda shi ma Philips ya fito da shi a 1963, duk juyin da aka yi sai murya ta ragu, amo ya ƙaru, har a kai juyi na biyar ko na shida da ba ya sauraruwa. Wannan lalacewa ta kasance mai gadin asali, domin mai son murya tangaran dole ya nemi na ainihi. Juyin kwamfuta ya kori wannan mai gadi. Na dubu daidai yake da na farko. Yau faifan kansa ya ja baya, memori da filashi da bulutut sun karɓi wurinsa a motoci, amma tambayar da dattijon Kankiya ya bari tana nan inda take, sai ma ƙara nauyi da ta yi.

Hujjar wuta

Adalci ne a fara da hujjar masu cewa babu laifi, domin tana da ƙarfi, kuma ni ma na daɗe ina riƙe da ita. Kowane ɗan Hausa da ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san aiken ɗiban wuta. Uwa takan miƙa wa yaro kasko ko murfin kwano ta ce ya shiga maƙwabta ya ɗebo garwashi. Ya dawo, murhunmu ya kama, na maƙwabciya kuma yana ci gaba da ci kamar ba a taɓa shi ba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Sata, a hankalce da a shari'ance, ɗauke abu ne daga ma'ajiyar mai shi, ya wayi gari babu. Wanda ya sace akuya ya bar turke wayam. Wanda ya juya waƙa fa, me ya bari wayam? Mawaƙi yana da waƙarsa, mai faifan asali yana da faifansa, duniya kuma ta ƙaru da wuri ɗaya da ake jin daɗi.

Tarihinmu ma yana ba wannan hujja goyon baya. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na ƙaninsa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello sun bazu ne ta hannun almajirai masu juya su da tawada, daga wannan zaure zuwa wancan. Waƙoƙin Nana Asma'u sun isa ƙauyuka ta bakin 'yan taru, waɗanda suka haddace su suka koyar da mata. Ba a ɗauki mai juyawa ɓarawo ba, mai hidima aka ɗauke shi. Haka kuma muryoyin Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Mamman Shata da ya rasu a 1999, da yawa daga cikin matasan yau sun same su ne ta hanyar juyi a kan juyi, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya. Da kowa ya jira izini, da wasu waƙoƙin sun ruɓe tare da zaren kaset ɗin da ke ɗauke da su.

Akwai ma waɗanda juyi ya yi wa rana ƙiri-ƙiri. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawan Nijar, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a yankin Sahel ba tare da kamfani ko talla ba, har ɗaya daga cikinsu ta shiga wani kundin waƙoƙin wayoyin hamada da aka fitar a Amurka, daga nan duniya ta neme shi. Masu turin da ba su biya shi ko sisi ba su ne suka share masa hanya.

A ƙara da cewa a tsohon tsarinmu, ladan makaɗi a fili ake biyansa, nan take. Sarki ya ba da doki da riga, attajiri ya yi kari, 'yan biki su yi liƙi. Da zarar an tashi daga dandali, waƙa ta zama ta kowa: mai daka ta rera, manomi ya rera, ba mai bin su bashi. Mai wannan ra'ayi zai ce rediyon motar Kawu bakin mai daka ne da aka yi da ƙarfe.

Hujjar itace

Na riƙe wannan hujja har ranar da na zauna na tuna yadda ɗiban wutar yake gudana a zahiri. Sai na ga ashe yana tafe da sharuɗɗa uku da ba a faɗa, saboda kowa ya san su.

Na farko, yaro ba ya tsallaka katanga. Yakan yi sallama ya ce, "Wai in ji Inna a sam mata wuta." Akwai neman izini, ko da an san ba za a hana ba. Na biyu, akwai ramawa. Gobe idan murhun maƙwabciya ya mutu, ɗanta zai shigo gidanmu da nasa kaskon. Na uku, wanda ya fi kowanne, maƙwabciya ta hura wutarta ne don tukunyarta. Ko mun ɗiba ko ba mu ɗiba ba, ta riga ta sayi itacenta, tuwonta kuma zai nuna. Garwashin da ta ba mu rara ne.

A juyin waƙa babu ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ban yi sallama ba. Ba ni da wata waƙa da dattijon zai zo ya juya gobe. Sannan makaɗi bai hura wutarsa don wata tukunya ta daban ba. Wutar ita ce sana'ar, mu masu sauraro kuma mu ne kasuwar. Fatar kalangu da tsarkiya kuɗi ne. Ɗakin ɗaukar murya kuɗi ne. Shekarun da yaro ya yi yana ɗaukar kaya a bayan uban kiɗa kafin a yarda ya taɓa ganga, su ma itace ne da aka ƙona. Gaskiya ne juyina ɗaya bai rage masa komai ba, kamar yadda tsinke ɗaya ba ya rage dami. Amma aikin da ba ya zama marar illa sai idan ni kaɗai na yi shi, alhali na san dubbai suna yi tare da ni, ba zan iya wanke kaina da ƙanƙantar rabona ba. Ma'aunin da ya dace shi ne in tambaya: idan kowa ya yi yadda na yi, wa zai sayi itacen gobe?

Misalin malamai masu juya littattafai ma, idan aka duba shi da kyau, ya fi zama hujja a kaina. Marubutan nan sun so a yaɗa aikinsu, domin lada suke nema, yardarsu kuwa sananniya ce. Mai juyawa kuma yana da amanar da ba ya wasa da ita: yakan rubuta sunan mawallafi, ya yi masa addu'a, ya nemi gafarar kuskuren alƙalaminsa. Ni kuwa na tattara aikin rayuwar mutane da dama na rufe shi da kalma ɗaya, "Tsofaffi." Kafin a zo batun kuɗi, na riga na ci haƙƙin suna.

Abin da doka da fiƙihu suka gani

Wannan ja-in-ja tsakanin wuta da itace ya girmi faifai nesa ba kusa ba. Da injin ɗab'i ya sauƙaƙa juya littafi, Ingila ta kafa doka a 1710 wadda ta ba marubuci ikon sabon littafinsa na shekara 14, da damar sabuntawa idan yana raye. A 1886 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Berne don kare aikin marubuta da masu fasaha a wajen ƙasashensu. Nijeriya ta yi dokarta ta haƙƙin mallaka a 1988, sannan aka maye gurbinta da ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta ɓangaren addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta su.

Abin lura shi ne dokokin ƙasa ba su mayar da waƙa tamkar gona da ake gada har abada ba. A Nijeriya, kariyar waƙar da mutum ya tsara tana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwarsa, ta muryar da aka ɗauka kuma shekara 50 bayan fitar da ita. Daga nan ta koma hannun jama'a. Dokar ta kuma bar ƙofa ga amfanin kai da na karatu da bincike, muddin an yi shi bisa adalci. Ke nan masu doka sun yarda da rabin hujjar wuta: fasaha daga al'umma ta fito, domin babu makaɗin da ya ƙagi harshen da yake waƙa da shi ko karin da ya gada, kuma ga al'umma za ta koma. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne a ƙwace ta tun mai ita yana raye yana jin yunwa.

Idan mai sauraro bai biya ba

Akwai wata illa da ba a cika gani ba, domin ba a aljihun mawaƙi kaɗai take sauka ba. Mawaƙi mutum ne mai iyali. Idan dubban masu jin waƙarsa a motoci da shaguna ba su ba shi komai ba, zai juya ga wanda zai ba shi. A ƙasarmu wannan mutum sau da yawa ɗan siyasa ne ko mai kuɗin da ke son a ambaci sunansa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Mukan zauna a majalisa muna kukan cewa waƙa ta koma bambaɗanci, an daina yi wa manomi da mai haƙuri da mai gaskiya waƙa, alhali wayoyinmu cike suke da waƙoƙin da ba mu sa ko kwabo a kansu ba. Yabon masu mulki tsohon abu ne a kiɗan Hausa, ba juyi ne ya haife shi ba. Amma kaset da faifai sun buɗe wata ƙofa da kakanninmu ba su samu ba: talakawa su haɗa ƙananan kuɗinsu su zama ubangidan mawaƙi, ya ci abinci ba tare da ya durƙusa a gaban kowa ba. Juyi marar iyaka ya taimaka wajen mayar da wannan ƙofa.

Uzurori da matakan laifi

Ba zan yi kamar ban san halin da muke ciki ba. Direban da ke lissafin kuɗin mai da na balas da na abincin gida ba shi da rarar sayen faifai goma. Sau da yawa ma ko ya so, ba zai samu na asali ba, ko kuwa ya kasa bambance shi da na jabu, domin a rumfa ɗaya ake jera su. Sannan ko da ya saya, wa ya tabbatar masa kuɗin zai isa hannun mai kalangu? Dattijon nan ya gaya mana cewa a ranar ɗaukar waƙa ake sallamarsu, daga nan ba su sake jin labari ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da ya bar ɗan amshi da makaɗi a waje yana da babban kaso na alhakin, kuma ba yaro mai kwamfuta ne ya gina shi ba.

Waɗannan uzurori suna rage nauyin laifi, amma ba sa shafe haƙƙi. Talauci yakan sa a ɗaga wa mutum ƙafa a kan bashi, bai taɓa mayar da bashi kyauta ba. Don haka nake ganin juyi hawa uku ne. Wanda ya sayi faifai ya juya shi don kada zafin mota ya lalata na asalin, ko ya zaɓo waƙoƙin da ya saya ya haɗa su wuri ɗaya, bai ci haƙƙin kowa ba, ya riga ya sa itacensa a murhu. Wanda ya karɓa a hannun aboki don jin daɗin kansa, akwai ɗan bashi a kansa, wanda ke ƙaruwa gwargwadon ikonsa na biya da kuma sauƙin hanyar biyan. Wanda kuwa ya mayar da juyi sana'a, yana buga dubbai yana sayarwa, shi ne gardin da ke karɓar kuɗi kura na shan bugu, kuma babu hujjar wuta da za ta rufa masa asiri.

Kawu yana tsakanin hawa na biyu da na uku. Bai sayar da faifai ba, amma motar haya ce, kiɗan yana hana shi gyangyaɗi a kan hanya, yana kuma sa fasinja su manta da matsi. Ya ci moriyar hannun dattijon a cikin neman abincinsa.

Wasu ƙasashe sun nemi mafita ga irin wannan bashi da ya warwatsu a wuyan miliyoyi. Jamus ta fara a 1965: ta halatta juyi don amfanin kai, ta kuma ɗora ɗan haraji a kan na'urorin ɗaukar murya, ana tarawa ana raba wa masu fasaha. Hikimar tsarin ita ce bai mayar da kowane gida gidan ɓarayi ba, bai kuma bar mai murhu da toka ba. Irin wannan tsari ba ya aiki sai da riƙon amana wajen rabo, sai kuma an rubuta sunan kowa, har da na masu amshi da masu ganga.

Kammalawa

Na dawo ga tambayar farko. Kawu gaskiya ya faɗa, ko da a lokacin kunya ce ta fitar da maganar daga bakinsa. Abin da muka yi bai kai a kira shi sata irin ta mai fasa rumbu ba, amma ya bar haƙƙi, haƙƙi kuwa yana da mai shi ko da ba a san inda yake ba. Bambancin da dattijon ya yi tsakanin sadaka da haƙƙi shi ne zuciyar al'amarin. Sadaka tana ɗaga mai bayarwa, ta bar mai karɓa a ƙasa. Haƙƙi yana tsayar da su kafaɗa da kafaɗa. Mun saba tara wa tsofaffin mawaƙa taimako idan muka ji suna kwance ba kuɗin magani, muna jin mun yi abin kirki, alhali wani ɓangare na abin da muka bayar nasu ne tun asali, ya daɗe a hannunmu.

Hanyar biya a yau ta fi ta 2012 sauƙi. Mai waya yana iya sauraron waƙa a shafin mawaƙin na YouTube maimakon na wanda ya kwashe ta ya liƙa hotonsa. Yana iya saye idan ana sayarwa, ya halarci wasa ya biya kuɗin ƙofa, ya tambayi iyalan mamaci kafin ya yi kasuwanci da muryarsa. Wanda bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da masu juya littattafai suka bar mana: ya san sunan mai aikin, ya faɗe shi, ya yi masa addu'a.

Motar Kawu ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan, faifan nan kuma rana ta cinye rininsa. Takardarsa tana nan a cikin akwatina, da rubutun yarinta a jiki. Na sha ɗauko alƙalami in gyara abin da na rubuta, sai in tuna cewa daga Bichi har Kankiya, a cikinmu babu wanda ya tambayi dattijon sunansa.